Maganin da Ke Aiki Bayan Ya Bar Jini: Lissafin Hantar Ɓera

A samu ɓera namiji mai nauyin giram 250, a yi masa allurar metilfiredinisolon ta jijiya, miligiram 50 a kan kowane kilo na nauyinsa. Jikin ɓera ba ya barin wannan magani ya sha ruwa. Duk bayan kusan rabin awa, rabin abin da ke cikin jini ya tafi. Rabi, sai rabin rabi, haka dai. Kafin awa biyar ta cika an raba shi sau goma, abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. To a daidai wannan lokacin, da magani ya riga ya kama gabansa, hantar ɓeran take tsakiyar amsa kira. Wani enzayim da ake taƙaita sunansa da TAT yana ta hauhawa, ba zai kai ƙololuwa ba sai an ƙara wasu awoyi kaɗan, kuma ba zai koma yadda yake ba sai an doshi kwana guda.

Ina maganin ya ɓuya a tsakanin nan? Wa ya riƙe saƙonsa bayan shi ya tafi? Wannan tambaya ce ta ci wa wasu masana shekara sama da talatin a Jami'ar Buffalo da ke jihar New York a Amurka, ƙarƙashin jagorancin William Jusko, tare da abokan aikinsa Richard Almon da Debra DuBois. Makaminsu ɓeraye ne da lissafi.

Kafin a yi nisa, a raba gari da tsakuwa. Wanda ya taɓa kai jininsa gwajin hanta a asibiti, in ya ji an ce enzayim ya hau, gabansa zai faɗi, domin a can hawan ALT ko AST cikin jini alama ce ta hanta ta ji rauni tana yoyo. Wannan daban ne. TAT yana zaune ne a cikin ƙwayoyin hanta, kuma hawansa ba ciwo ba ne, aiki ne. Shi ke fara farfasa tairosin, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su. In jiki ya shiga matsi, yunwa ko rauni ko firgici, wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda, adirinal, sukan saki homon da ke umartar hanta ta narka irin waɗannan tubala ta samar da sukari. A jikin mutum kotisol ne ke kai wannan umarni, a jikin ɓera kotikostiron. Magungunan da ake kira kotikostiroyid, irin su firedinisolon da deksametazon da metilfiredinisolon, kwaikwayon wannan homon ne da aka ƙara wa ƙarfi. Shi ya sa mai ciwon sukari in aka ɗora shi a kansu, sukarinsa ke tashi.

Tun 1948 aka fara ba mai ciwon sanyin gaɓoɓi kotizon, ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna, a asibitin Mayo na Amurka, aka ga abin mamaki, har Philip Hench da Edward Kendall da Tadeus Reichstein suka karɓi kyautar Nobel a 1950. Yau da waɗannan magunguna ake kwantar da asma, da kumburi, da cututtukan da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya. A 2020 gwajin da masana na Oxford suka jagoranta ya nuna deksametazon na rage mace-macen masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma likitoci sun daɗe da lura da wani abu da bai yi daidai da hankali ba: metilfiredinisolon kan ragu zuwa rabi a jinin mutum cikin awa biyu zuwa uku, ga shi kuma tasirinsa na kai wa wuni da kwana. Wanda zai tsara yawan magani da lokacin shansa ta hanyar duba jini kaɗai, ya kama reshe ya bar tushe.

TAT ya zama ma'auni ne saboda an san halinsa tun da wuri. A 1957 Lin da Knox suka nuna cewa allurar haidirokotizon, shi ma irin wannan magani ne, na ninka shi a hantar ɓera. A 1965 Berlin da Schimke suka gano wani abu da, a ganina, shi ne ƙashin bayan duk lissafin da ya biyo baya: saurin hawan enzayim bayan an ba da kotizon ya dogara ne ga saurin lalacewarsa.

Wannan magana tana da kamar an juya ta, don haka mu kawo randa. A ce ga randa mai huji a gindi. Ana zuba mata kofi goma na ruwa duk awa, ita kuma tana zubar da kashi ɗaya cikin goma na abin da ke cikinta duk awa. Ruwan zai tsaya a kofi ɗari, domin a nan ne abin da ke fita ya yi daidai da abin da ke shiga. Yanzu a ninka zubi sau biyar, kofi hamsin duk awa. Sabon matsayi kofi ɗari biyar ne, amma ba nan take za a kai ba: sai an yi kusan awa bakwai kafin a ci rabin tazarar. In aka faɗaɗa hujin sau goma, ruwan da randa za ta riƙe zai ragu, sai dai za ta kai sabon matsayinta cikin sauri ninki goma. Randar da ta fi yoyo ita ta fi saurin nuna cewa an canza zubi. TAT irin wannan randa ce, rabinsa kan lalace cikin 'yan awoyi, don haka da an taɓa shi sai ya motsa. Wani enzayim na hanta, ajines, sai ya kwana da yawa kafin rabinsa ya lalace, saboda haka da ƙyar ake ganin motsinsa a rana ɗaya.

Duk abin da ake kira samfurin lissafi a wannan fanni, in aka tuɓe masa riga, jerin randuna ne irin wannan. Kowace tana da layin lissafi guda da ke cewa: canjin abin da ke ciki daidai yake da abin da ya shigo a debe abin da ya fita. Magani ba ya ƙara ruwa da hannunsa. Abin da yake yi shi ne ya buɗe famfo ko ya rage shi, ko ya taɓa hujin. A 1993 Dayneka da Garg da Jusko suka tsara wannan tunani zuwa siffofi huɗu, wato ƙarfafa shiga, danne shiga, ƙarfafa fita, danne fita, kuma har yau masu nazarin magunguna a ko'ina suna aiki da su.

Sai dai randa ɗaya ba ta isa ta bayyana jinkirin TAT ba. Akwai hannuwa da yawa tsakanin allura da enzayim. Magani kan ratsa bangon ƙwayar hanta, ya tarar da wani furotin da ke jiransa a ciki, wanda za mu kira makarɓi. In sun haɗu sai su shige cibiyar ƙwayar, inda DNA yake, su zauna a wasu gurabe na musamman kusa da ƙwayar gadon TAT. Masana a ɗakin binciken Günther Schütz da ke Heidelberg a Jamus ne suka nuna waɗannan gurabe a 1987. Zamansu a wurin kan sa a yi ta kwafo umarnin ƙera enzayim a kan wata takardar aike da ake kira mRNA, takardar ta fita zuwa inda ake ƙira, sannan a ƙera TAT. Kowane mataki da nasa lokacin. A gwajin allura ɗaya, takardun aike kan kai ƙololuwa wajen awa biyar zuwa shida, enzayim kuwa ya biyo bayansu.

Yadda ake samo waɗannan alƙaluma ba abin sha'awa ba ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Da farko ana yi wa ɓerayen tiyata a cire musu adirinal, don kada homon ɗinsu na gida ya gauraya da na allura. Ɓeran da aka yi wa haka ba ya iya riƙe gishiri a jikinsa, sai an riƙa ba shi ruwan gishiri ya sha. Sannan ba a iya auna abin da ke cikin hanta sau goma a jikin ɓera guda. Kowane ɗigo da ke kan zanen sakamako, ɓeraye ne biyu ko uku da aka kashe a wannan sa'a, aka ciro hanta aka daskarar da ita nan take. Wasu bayan mintoci, wasu bayan awa huɗu, wasu sai bayan kwana uku. Daga nan a jera sakamakon kamar daga jiki ɗaya ya fito. Su kansu masu binciken suna kiran wannan dabara da ƙaton ɓera. Ƙaton ɓeran nan babu shi a duniya, lissafi ne ya ɗinka shi daga gawarwakin ƙanana.

Abin da ya fi burge ni a tarihin aikin shi ne yadda suka riƙa lissafa samfuransu kamar zuriya: na farko, na biyu, har na biyar. Kowanne ya zo ne saboda wanda ya gabace shi ya gaza a wani wuri da za a iya nunawa da yatsa. Na farko, na Boudinot da D'Ambrosio da Jusko a 1986, da firedinisolon aka yi shi, kuma abin da ake iya aunawa a lokacin bai wuce magani a jini da makarɓa a hanta da aikin TAT ba. Matakan tsakiya sai aka cike su da zato da ɗan jinkirin da aka ƙaƙaba da hannu. Na biyu ya zo a 1989. Zuwa 1995 an iya auna takardun aike, na TAT da na makarɓin kansa, sai na uku ya shigar da su. Na huɗu, na Sun da abokan aikinsa, a 1998. Na biyar, na Ramakrishnan da abokan aikinta, a 2002.

Makarɓin ne ya fi ba su wahala, kuma a nan labarin ya fi daɗi. Da zarar an yi allura mai yawa, cikin mintoci makarɓan da ke zaune babu aiki sukan ƙare ƙaf, duk magani ya kwashe su zuwa cibiya. Sannan su fara dawowa, amma dawowar hawa biyu ce: da farko da sauri, sai ta lafa, ta koma jan ƙafa har kwana biyu zuwa uku kafin a koma lissafin farko. Me ya raba ta biyu?

A ɗauki tashar mota da sassafe. Motoci na jere suna jiran fasinja. Sai ga taron biki ya iso a lokaci guda, aka cika kowace mota, tasha ta zama wayam. Bayan an sauke mutane, wasu motocin suka juyo suka sake shiga layi, wannan ita ce dawowa mai sauri. Amma ba duka ke juyowa ba. Ƙiyasin samfurin ya nuna kusan rabi ne ke dawowa, sauran a can ake kwance su. Cike gurbinsu sai da sabbin motoci daga masana'anta, wannan ce dawowa mai jan ƙafa. Ga kuma inda gizo ke saƙa: fasinjan da aka kai cibiya, ban da umarnin a ƙera TAT, yana ɗauke da wani umarnin na a rage ƙera motoci. An auna an gani, takardun aiken makarɓi kan sauka zuwa kusan rabi bayan allura. Wato magani da kansa yake rage hanyar da zai bi gobe.

Samfurin da ya san aikinsa ba ya tsayawa a bayanin abin da ya wuce, sai ya yi hasashen abin da ba a gwada ba tukuna. Hasashen a nan a fili yake: in aka sake yin allura bayan awa 24, tasha ba ta gama cika ba, don haka TAT ba zai hau kamar jiya ba ko da yawan maganin bai canza ba. Aka gwada, haka aka samu. Abin da mutane ke cewa jiki ya saba da magani, ga shi an warware shi zuwa lambobi: motoci nawa suka dawo, nawa aka kwance, nawa masana'anta ta fasa ƙerawa.

Sai dai nasarar ba ta daɗe ba. A aikin 2002 an dasa wa ɓeraye wani ɗan famfo a ƙarƙashin fata, wanda ke ɗiga magani a hankali dare da rana har kwana bakwai, daga miligiram 0.05 zuwa 0.3 a kan kowane kilo duk awa. A rana ta bakwai aka duba. Yawan makarɓa da takardun aikensu sun faɗi kusa da inda lissafi ya ce za su faɗi. TAT kuwa ya zarce hasashe nesa ba kusa ba. Wani zai ce samfurin ya faɗi jarrabawa. Ni kuwa a nan na fi ganin amfaninsa, domin bai faɗi gaba ɗaya ba, ya faɗi ne a wuri guda, ya kuma nuna wurin. Ɓangaren makarɓi daidai ne. Abin da ya ɓace yana tsakanin cibiya da enzayim. Ɓeran da ya kwana bakwai cikin sitiroyid ba shi ne ɓeran ranar farko ba: sukarinsa da insulin ɗinsa sun canza, tsokarsa ta zube, kuma TAT ba sitiroyid kaɗai yake saurara ba, sauran homon ɗin da ke kula da sukari ma suna da ta cewa. Ba don an rubuta zato da lambobi ba, da an ce kawai magani ya yi aiki, a wuce.

A nan bari in ɗan ratse. Ɓerayen nan na kwana bakwai ramewa suka yi, nauyinsu ya zube sosai. Mutum kuwa in ya daɗe yana shan irin wannan magani, fuskarsa ce ke cika, ciki da ƙeya su tara kitse, ruwa ya taru a jiki. Wannan kumburin ne ya sa deksametazon ya samu kasuwa a kyamis-kyamis na garuruwanmu a matsayin maganin ƙiba, cikin haɗin da wasu ke kira sha-ka-fashe. Abin da madubi ba ya nunawa shi ne wanda ɓera ya nuna a sarari: ƙarƙashin kumburin, tsoka ce ake narkarwa ana mai da ita sukari. Kuma adirinal ɗin mai sha, ganin ana kawo homon daga waje, sai ya yi kwance ya daina aiki, shi ya sa yanke maganin farat ɗaya bayan an daɗe a kansa ke da haɗari. Bambancin nan na ɓera da mutum gargaɗi ne kuma ga duk mai son ɗauko lambobin Buffalo ya ɗora a kan majinyaci kai tsaye.

Ƙorafe-ƙorafen da ake yi wa wannan aiki suna da tushe. Miligiram 50 a kan kilo, in aka auna shi da mutum mai kilo 60, giram uku ke nan a tashi ɗaya, alhali ko a lokacin da likita ya ga uwar bari, giram ɗaya a rana ne abin da aka saba. Gaskiya ne jikin ɓera ya fi saurin kawar da magani, don haka ba a kwatanta su kilo da kilo, amma dai allura ce da aka zaɓa don ta kwashe makarɓa duka a ga iyakar abin. Sannan samfuri mai layuka shida ko bakwai yana da lambobin da ake daidaitawa masu yawa, kuma wanda ke da maɓallan murɗawa da yawa zai iya sa kowane layi ya bi ta kan kowane ɗigo. Maganin wannan guda ne: a kulle lambobin da aka samo daga gwaji ɗaya, a kai su wani gwajin ba tare da an taɓa su ba. Masanan Buffalo sun yi haka, shi ya sa faɗuwar kwana bakwai take da ma'ana. Wanda ya sake murɗa maɓallai duk lokacin da sakamako ya ƙi, ba zai taɓa faɗuwa ba, ba zai kuma koyi komai ba.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na ɓeran da aka cire wa adirinal. An sauƙaƙa lissafi, amma an yi shi a kan dabbar da ba ta cika ba. A jiki mai lafiya homon na gida yana da agogo. Na mutum kan kai ƙololuwa da sassafe ya sauka da dare. Na ɓera, da yake mai yawon dare ne, kan hau ne gab da shigar duhu. TAT ma haka yake hawa da sauka kullum ko ba a ba da magani ba. A 2007 Hazra da abokan aiki suka koma kan ɓeraye masu adirinal, aka shigar da wannan kai-kawo cikin samfurin, aka kuma ƙara wani zare: maganin allura na danne homon na gida, su biyun kuma suna rububin makarɓa iri ɗaya. Yanzu tashar tana da fasinjojinta na kullum da ke zuwa a kan lokaci, ga kuma baƙi. Daga nan ake fahimtar dalilin da ya sa likitoci kan ce a sha firedinisolon da safe, lokacin da jiki ya saba ganin homon da yawa.

A 2003 kuma aka ɗauko hantocin da aka adana daga gwajin allura ɗaya, aka bi ta kansu da na'urar da ke auna takardun aiken dubban ƙwayoyin gado a lokaci guda. TAT, wanda aka yi shekaru ana kallo shi kaɗai, sai ga shi ɗaya ne cikin taro. Wasu ƙwayoyin gado sun hau kamar shi, wasu sun sauka, wasu sun fara sauka sannan suka hau, wasu ba su motsa ba sai da aka yi nisa, alamar ba magani ne ya taɓa su kai tsaye ba, wani ne da magani ya tasa ya je ya tashe su. Abin lura shi ne ɓangaren makarɓi, wanda aka gina shi a kan TAT, bai buƙaci a rushe shi ba. An bar shi yadda yake, aka riƙa jona masa randuna daban-daban a gaba.

Duk wannan tafiyar, daga 1986, kusan a kan ɓeraye maza aka yi ta, bisa al'adar ɗakunan bincike ta gudun jujjuyawar homon ɗin mata. Sai a 2019 Vivaswath Ayyar da Jusko da abokan aikinsu suka buga jerin binciken da ya sa mata a gaba. Metilfiredinisolon ya fi daɗewa a jinin macen ɓera fiye da na namiji. Da suka bi wata ƙwayar gado mai suna GILZ, wadda ita ma sitiroyid ke tasarwa, sai suka ga amsar mahaifa tana canzawa gwargwadon inda macen take a zagayen kwana huɗu zuwa biyar na jikinta: in homon ɗin mata, estirojin, ya yi yawa, yakan rage wa maganin kaifi. Dole aka buɗe samfurin aka ƙara masa makarɓi na biyu, na estirojin, mai jayayya da na farko a cikin cibiya.